Mai Ido Ɗaya Ta Rasu a Bakin Farin Faƙo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, Delfina Barela ta gidan gonar da ke bakin Farin Faƙo tana sanar da 'yan'uwa, da abokan arziki, da ma'abota teburin gahawa na shagon Nadine, musamman ma su, rasuwar kyamararta wadda a gida ake kira Mai Ido Ɗaya. Ta rasu ranar ashirin da ɗaya ga watan Agusta, da misalin ƙarfe biyu na rana, tana bakin aikinta, bayan gajeriyar rashin lafiya da ba ita ta jawo wa kanta ba. Shekararta huɗu da wata takwas a duniya. An rubuta wannan sanarwa ne a madadin Delfina, domin sau biyu tana ɗaukar alƙalami da kanta, sau biyu takardar tana yagewa.

Marigayiya ba 'yar manyan gida ba ce. Ba ta cikin irin kyamarorin nan da masu binciken yanayi suke zuwa da su a akwati mai kwaɗo, suna hana mutum taɓawa. Girmanta bai wuce sabulun wanki ba, kuɗinta bai kai na buhun dusa uku ba, kuma an ƙera ta ne don masu son kallon yadda tumatir yake girma a bayan gida. Marisol, 'yar Delfina da ke aikin jinya a birnin Albuquerque, ita ta aiko da ita a Kirsimetin farko bayan rasuwar mahaifinta, haɗe da 'yar takarda: "Mama, ga abin ɗebe kewa, ki riƙa kallon furanninki." Delfina ba ta da fure ko ɗaya. Ta karanta takardar bayanin sau uku, ta kai inda aka ce tana ɗaukar hoto duk minti ɗaya, ko da mutum a wurin ko babu, sai ta miƙe ta nemi makullin mota.

Duk wanda ya girma a garin nan na Sotol ya san dalili, amma tunda takarda tana zuwa inda mai ita bai je ba, bari a faɗa. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, Celso Barela, mijin Delfina, Allah Ya jiƙansa, yana gyaran shinge a bakin faƙon nan da tsakar rana. Sama a kansa fes take, ko ɗigo bai sauka ba, hadarin yana can kan duwatsun ƙetare yana ta abinsa. Sai ya ga ruwa yana tahowa. Ba ambaliya ba ce, tabki ne ɗungurungum, a shimfiɗe, zurfinsa bai wuce idon sawu ba, iska ta sa shi a gaba tana kora shi yadda ake kora shanu, mil uku a kan busasshiyar ƙasa, har ya zo ya taɓa turken da Celso yake tsaye. Ya yi kamar awa guda a nan. Iska ta juya, shi ma ya juya ya koma inda ya fito. Celso ya zaro wuƙa ya yi wa turken tsaga daidai inda ruwan ya kai.

A ranar nan ƙoramar da ta ratsa hanyar gari ta cika, sai bayan kwana huɗu ya samu ya kwaso mutane. Suka tarar da faƙo fari fat, a bushe ƙarau. Ya nuna musu tsagar turke, aka ce ai wuƙarsa ce ta yi. Ya nuna musu kantun gishirin shanu da ya narke ya koma rabi, aka ce shanu ne suka lashe. Aka ce kawalwalniya ce, kowa yana ganinta a faƙo idan rana ta take. Ana nan tsaye sai Orval Pruitt, maƙwabcinsa, amininsa tun suna hawa doki ɗaya zuwa makaranta, ya cire hula ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa, a ina za mu ɗaure jirgin?" Aka kwashe da dariya, sunan kuwa ya zauna daram.

Shekara ashirin da shida Celso yana amsa shi. Ya shiga shago, "Sarkin Ruwa, yau kifi nawa?" Ya fito daga coci, "A ajiye mini babba ɗaya, mai ƙaya ba na so." Ranar da ya cika sittin, Orval ya kawo masa filafilin kwalekwale an ɗaura masa jan ƙyalle. Celso ya yi dariya tare da kowa, ya kai shi rumfar dawakai ya rataye, ya dawo ya ture kwanon abinci ya ce ya ƙoshi. Kwana uku kafin ya rasu, yana kwance, ya kamo hannun Delfina ya ce, "Ke dai kin yarda, ko?" Ta ce, "Na yarda." Ta faɗa ne don yana kwance, kuma abin nan shi ne yake cin ta tun daga ranar. Ranar jana'izarsa ta ji wani a bayan coci yana cewa Sarkin Ruwa ya tafi, ba da mugunta ba, sunan ne kawai ya riga ya cinye na yanka.

To, aikin da aka ɗauki marigayiya ta yi ke nan, aiki ɗaya tak: ta tsaya a kan turken nan mai tsaga, ta zuba wa faƙo ido, ranar da ruwan ya sake tahowa ta zama shaida, a wanke sunan Celso a teburin da aka ɓata shi. Delfina ta ɗaure ta da waya a ƙoƙon turken, ta naɗe ta da tsumman buhu, ta bar wa idon 'yar kafa. Ta yi haka ne saboda a ƙasar nan duk abin da ya yi ƙyalli a kan turke sai maharbi ya gwada hannunsa a kai, allunan hanya ma shaida ne. Amma babban dalilin shi ne teburin gahawa. Da sun ji labari, da kafin azahar an naɗa ta Sarauniyar Ruwa. Don haka ban da Marisol babu wanda ya sani.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri. Ƙarfe shida na safe take buɗe ido, ba ta rufewa sai bakwai na yamma, kuma a tsakanin nan ba ta da magana sai guda ɗaya: ƙit. Bayan minti ɗaya, ƙit. Ba ta taɓa neman inuwa ba. Abincinta batir huɗu irin na tocila duk mako biyu, idan yunwa ta ci ta sai ta ce tit-tit-tit, sau uku, ba ta ƙarawa. Ta sha ranar Yuni da take lanƙwasa robar gilashin mota, ta sha sanyin Janairu da yake fasa famfo. Ƙanƙara ta taɓa tsaga mata murfi, Delfina ta liƙe da salatif, washegari ta koma aiki kamar ba a yi ba. Ba ta tsegumi, ba ta ƙarin gishiri, abin da ta gani shi take faɗa, halin da ya yi ƙaranci a garin nan.

Duk bayan mako biyu, ranar Talata, Delfina takan tayar da tsohuwar a-kori-kurar Celso ta bi mil bakwai na hanyar da take kwance wa mutum haƙora. Ta sauya batir, ta sauya memorin da hotuna suke taruwa a ciki, ta goge mata ido da gefen riga, ta ce, "Yau me kika gano mini?" Marigayiya ta ce ƙit. A gida sai ta zauna a teburin kicin gaban tsohuwar kwamfutar da Marisol ta bari, mako biyu su wuce a gabanta cikin rubu'in awa. Gajimare suna tafasa a kan duwatsu kamar madara a wuta. Inuwar turke tana zagaye ƙasa tana dawowa. Ga ruwan nan da yake saukowa zare-zare ya ƙone a hanya bai taɓa ƙasa ba, wanda yake sa makiyayi ya ɗaga kai ya faɗi abin da sai ya nemi gafara. Sau ɗaya ta kama walƙiya a tsaye ƙyam a tsakiyar faƙo. Abubuwa ne masu kyau, ba a musu, amma ba su aka aike ta nema ba.

Guguwa kuwa ba a magana, sun yi ta wucewa a gabanta, dogaye da gajeru, wata rana har uku a jere. Marisol ta tura wa wata malamar jami'a kaɗan daga ciki, malamar ta rubuto wasiƙa shafi biyu tana rawar jiki, wai ba ta taɓa samun wanda ya tara guguwar wuri ɗaya shekara da shekaru haka ba, wai har ta tabbatar sun fi tashi tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana. Delfina ta ce kowace saniya a garkenta ta san wannan, ta linke wasiƙar ta sa a ƙarƙashin ƙafar teburin da yake rawa.

Ba za a ɓoye ba, marigayiya tana da nata rauni, kuma shi ne ya zo ya ci ta: ba ta zaɓe. Duk abin da ya tsaya a gabanta shi take ɗauka, da ladabi, minti bayan minti. Ta taɓa yin kwana tara tana ɗaukar hancin wata jar saniya da ta ga babu turken sosa wuya sai wannan. Ta yi mako guda tana kallon duniya ta cikin saƙar gizo. Akwai wani hankaka mara mutunci da ya sauka a kanta ya bar mata farin layi a ido, Delfina tana ganin layin a kwamfuta ta zabura har ta kifar da gahawa a cinyarta, ta ɗauka ruwan ne. Da ta gane, kwana biyu ba ta yi wa kowa magana ba.

Haka damina huɗu suka zo suka wuce, haƙa ba ta cimma ruwa ba. A bazarar bana Delfina ta zame daga bayan mota tana sauke ciyawa, ta yi awa biyu a ƙasa kafin ta iya miƙewa. Marisol ta zo a guje, ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Mama, wannan daminar ce ta ƙarshe da za ki yi a gonar nan. Ki dube ni ki ce kin yi alkawari." Ta yi alkawarin. An riga an sami masu sayen gonar, ƙarshen Oktoba za a miƙa makulli, kuma sun ce shingen nan cire shi za su yi. Saura damina ɗaya ke nan. Yuli ya zo da tsawa da cika baki, ya tafi bai yi komai ba, Agusta ya kama.

Yanzu sai a zo ga ciwon ajali, kuma ana roƙon mai karatu ya zauna idan a tsaye yake.

Ranar Talata, ashirin da biyar ga wata, bayan ƙorama ta janye daga hanya, Delfina ta tafi kai batir kamar kullum. Tun daga nesa ta ga faƙo ya sauya kama. Tsage-tsagen ƙasar nan duk sun rufe, wuri ya yi sumul kamar sabon daɓe. Kantun gishiri ya narke ya zube gefe ɗaya. Ga wani layi na busasshiyar kumfa da tsinken ciyawa da kashin zomo ya bi gindin shingen tiryan-tiryan, kuma a jikin turken Celso ga shatin laka nan, saura faɗin yatsa ɗaya ya kai tsagar. A gidanta, mil bakwai kacal, ko yayyafi ba a yi ba makon nan. Ta fito daga mota, ta ce da ƙarfi, ita kaɗai a daji, "Na yarda, Celso. Wallahi na yarda." Mace mai shekara saba'in da gwiwar da likita ya ce a lallaɓa, sai ga ta tana gudu. Da ta iso ta ɗaga kai ta dubi ƙoƙon turken, sai ta ga dogon takalmin fata a kife a kai, ya shige har wuya.

Kowa ya san al'adarmu, idan takalmin mutum ya ƙare, ko mutumin ya ƙare, akan kife takalmin a kan turken shinge don tunawa da shi. Delfina ba ta buƙaci a gaya mata na waye ba. Na Celso ne. Ita da hannunta ta ba Orval shi bayan jana'iza, ba don tana ƙaunarsa ba, don dai ƙafarsu ɗaya, takalmin sabo ne, kuma Celso ba ya son ɓarna. Orval ya yi shekara biyar yana sawa, sau biyu ana sauya masa tafi, har mai gyara ya ce wannan ya wuce aikinsa. Ɗaya ƙafar tana can a kife a turken gaba.

Ta fizge takalmin. Warin ƙonanniyar roba ya buge ta. Baƙar fata, a ranar Agusta, kwana shida, ai tanda ce. Batiran sun fashe sun yi farin gari, murfin ya lanƙwashe, idon ya yi hazo. Ta danna, shiru. Ta sa sabon batir ta danna, ta kara a kunne, ta jijjiga, ta roƙa, babu ƙit. Memori ne kaɗai ya tsira, shi ma da ƙyar ta zaro shi da tsinken gashi.

Ga abin da marigayiya ta bari na ƙarshe, kuma ana kawo shi yadda yake. Ranar sha tara ga wata, ranar da Celso ya cika shekara biyar da rasuwa, da safe babu komai sai faƙo da hadari a kan duwatsun ƙetare. Sha biyu saura minti goma sha takwas sai ga Orval Pruitt ya cika hoton, ya tsaya daidai gaban idonta, hula a ƙirji, ya tare kusan duk faƙon da faɗin jikinsa. Hoto goma sha huɗu yana tsaye a nan. A wasu bakinsa a buɗe yake, yana magana. A na tara yana share fuska da hannun riga, tsoho ɗan shekara saba'in da tara yana kuka har da majina. A bayan kafaɗarsa ta hagu, can ƙarshen faƙo, akwai wani siririn farin layi. Hoto na goma sha biyar hannu ne da bakin takalmi. Daga nan sai duhu. Marigayiya ba ta fasa aiki ba, tana ciki tana dahuwa tana cewa ƙit, har ta ɗauki hoton duhu dubu ɗaya da ɗari shida da tamanin da uku kafin rai ya yi halinsa. Delfina ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ko za ta sami wanda haske ya leƙa, ba ta samu ba.

Kash! Garin gyaran gira an rasa ido. Da ba ta naɗe ta da tsumma ba, da ko mai yanar ido irin Orval ya ga ƙyallin gilashi. Da ta faɗa wa mutum ɗaya a gari, da labari ya kai kunnensa kafin ta iso gida. Da ta ba wani takalmin nan, ko ta jefa shi a rijiya. Delfina ta bi duk waɗannan da-na-sanin ta ƙare, ba ta ga wanda ya rage mata zafi ba.

Washegari da safe ta shiga shagon Nadine, ta wuce buhunan dusa, ta dangwara takalmin a tsakiyar teburin gahawa, tsakanin kwanon sukari da kofuna. Mutum shida ne a zaune, Orval yana ƙurya.

"Orval, turke nawa ne a shingen nan?"

Ya dubi takalmin, ya dube ta. "Ban taɓa ƙirgawa ba, Delfina."

"Ɗari huɗu da sittin. Ni na riƙe wa Celso waya muka kafa su. Duk ka tsallake su sai wannan?"

"Ai shi ne nasa. A nan ya yi tsagar."

"Au, yau ka san da tsaga? Da ba wuƙarsa ce ta yi ba?"

Ta ciro gawar daga aljihu ta ajiye kusa da takalmin, ta faɗa musu ko mece ce, da shekarun da ta yi a kan turken, da abin da aka sa ta jira. Orval ya kai hannu zai taɓa, ya fasa.

"Ƙunshin tsumman nan? Wayyo Allah. Har na ji daɗi da takalmin ya zauna cif. Na ɗauka..."

"Ka ɗauka me, tsohon banza? Turken ne ya ɗaura ɗankwali?"

Sai Orval ya dafa tebur ya miƙe, kuma a nan ne abin ya ƙara lalacewa. Ya ce, "Ruwan ya zo. Ina wurin." Kowa ya juyo ya dube shi. Ya ce, "Na kife ɗaya ƙafar a turken gaba, na zauna a bayan mota ina cin ɗan guzurina. Na ga layin, na ce kawalwalniya ce. Sai na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai na ji ƙasa tana sha, suuu, kamar an zuba ruwa a kasko. Sama a kaina babu ko ɗigo. Tafiya yake yi, jama'a, da idona, ya zo ya shige ƙarƙashin motata ya jiƙa mini safa. Ya tsaya, iska ta juya, ya koma. Motar kwana biyu ta yi a laka, da ƙafa na tako gida."

Delfina ta ce, "Yau mako guda ke nan. Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Na san teburin nan. Ni na koya musu."

Nan take sai Lalo Montoya mai gyaran injin rijiya ya cire hula ya rusuna daga zaune ya ce, "To, ya gaji takalmi, ya gaji sarauta. Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa na Biyu!" Tebur ya ɗauka. Wani ya tambaya kwalbar giya nawa ya kai wa Celso, nawa ya sha a madadinsa. Nadine ta leƙo daga bayan kanta ta ce haba, ku je ku ga kumfar mana. Lalo ya ce, "Kumfa kuma? Ruwan sama ya sauka a wurin ya kwanta, wa ya ce faƙo ba ya jiƙa? Mu tabki mai ƙafa muke so mu gani. Ina hoto?" Delfina tana da hoto dubu ɗaya da ɗari shida da tamanin da uku na wannan lokacin, ta kwashi gawarta da takalminta ta fita ba ta nuna ko ɗaya ba.

Marigayiya ta rasu ta bar uwar ɗakinta Delfina, da Marisol wadda ta kawo ta gidan, da hoto sama da miliyan ɗaya a cikin memori cike da gwangwanin biskit. Ta bar guguwa bila adadin, waɗanda za a tura wa malamar jami'a gaba ɗaya, tunda ita ce kaɗai ta ci riba. Ta bar abokiyar aikinta kwamfuta, da a-kori-kura, da wayar da ta riƙe ta shekara huɗu ba ta saki ba, da jar saniya wadda har yanzu take zuwa sosa wuya ba ta san an yi rashi ba. Ta bar hankaka, shi ba a gayyace shi ba.

Ta kuma bar hoto goma sha huɗun nan. Kowace safiya Delfina takan kunna su, ta kai gaba ta dawo baya. A nata ganin farin layin da ke bayan kafaɗar Orval ya ƙara kauri daga na farko zuwa na ƙarshe, da kamar faɗin silin gashi. Marisol ta duba ta ce, "Mama, zai iya zama ruwa, zai iya zama komai." Delfina ta san abin da ta gani a gindin turke, ba ta buƙatar a lallashe ta. Sai dai ta lura idonta yana yawan zamewa daga layin ya koma kan fuskar tsohon, abin kuma yana ƙara ba ta haushi. Marigayiya ba ta da kunne, don haka babu wanda ya san abin da ya faɗa wa turken nan minti goma sha huɗu. Ta tambaye shi, ya ce tsakaninsa ne da Celso.

Masu zuwa ta'aziyya suna cewa a yi haƙuri, ana gode musu, amma su sani haƙurin aka yi shekara talatin da ɗaya. Masu cewa a sayi wata sabuwa tunda ba ta da tsada, ana tuna musu sau biyu ruwan nan ya zo a shekara talatin da ɗaya, kuma makulli zai bar hannun Delfina ƙarshen Oktoba. Masu tambaya ko ta yafe wa Orval, amsar ita ce tukuna.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, biyar ga Satumba, ƙarfe goma na safe, a gindin turken mai tsaga. A bi hanyar gidan Barela, a saki hannun dama bayan tankin ruwa, a rufe kowace ƙofar shinge da aka buɗe. A zo da hula da ruwan sha, babu inuwa. Orval Pruitt ne zai haƙa kabarin, da filafilin nan da yake rataye a rumfar dawakai, kuma faƙo ya sake bushewa ƙarau, don haka kada kowa ya zo da gaggawa. Za a sa marigayiya ba tsumma ba likkafani, idonta yana kallon faƙo. Bayan an rufe za a mayar da takalmin kan turken, Delfina ta ce nan ne wurinsa, lokacin ne kawai aka kuskure. Ba a son fure. Duk wanda yake da tsohon takalmi a mota ya bar shi a mota.

Akwai wake da nama mai koren barkono da gurasar masara a gida bayan an dawo, amma ma'abota teburin gahawa sai kowannensu ya durƙusa ya dubi shatin lakar nan kafin ya ga kwano. Orval ya roƙi a bar shi ya yi magana a bakin kabari. An ba shi minti goma sha huɗu, daidai, ya maimaita abin da ya faɗa wa turken, wannan karon da ƙarfi, kowa ya ji.